Babi na Shida: Zazzaɓi Ya Sauka, Ƙwayar Cuta Tana Nan

A watan Agustan 2008 wasu masana biyu 'yan Amurka, Brian Foy da ɗalibinsa Kevin Kobylinski, suka kammala aikin da ya kai su Bandafasi, wani ƙauye a kudu maso gabashin Senegal, suka koma gida jihar Kolorado. Aikinsu kama sauro ne don binciken maleriya, kuma mai wannan sana'a ba ya rasa cizo. Ba su cika kwana goma da sauka ba sai duk su biyun suka kwanta: ciwon kai, kasala, ciwon gaɓoɓi, kumburin idon sawu, ga ƙuraje sun feso a jiki. Foy ya sami ƙarin alamu biyu da abokin tafiyarsa bai samu ba. Fitsari ya riƙa yi masa zafi, sannan aka ga jini a maniyyinsa.

Bayan 'yan kwanaki matarsa ita ma ta kwanta, da ciwon kai da ƙuraje da jan ido. Ba ta je Senegal ba. Sauron da ke ɗaukar irin waɗannan cututtuka ba ya rayuwa a arewacin Kolorado. 'Ya'yansu huɗu, da suke cikin gida ɗaya da su, suna ci tare suna wasa da uban, babu wanda ko kansa ya yi ciwo. Gwajin farko ya karkata ga zazzaɓin dengi, amma bai gamsar da kowa ba, sai aka ajiye jinin a firji. Shekara guda bayan haka Kobylinski ya sake komawa Senegal, ya haɗu da wani masanin ƙwari mai suna Andrew Haddow, ya ba shi labari. Haddow ya ce a gwada wata ƙwayar cuta mai suna Zika. Ya san sunan ne tun daga gida, domin kakansa, Alexander Haddow, yana cikin waɗanda suka gano ƙwayar a Yuganda. Aka gwada jinin mutum ukun, aka sami shaidar Zika a dukansu. A 2011 suka wallafa rahoton, suka ce abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Foy ya sa wa matarsa cutar ta hanyar kwanciyar aure.

Duniya ba ta kula da rahoton ba. Abin da kowa ya sani, daga likita har manomi, shi ne ciwon sauro sai da sauro. Mai maleriya ba ya sa wa matarsa maleriya don sun kwana shimfiɗa ɗaya, kuma gaskiya ne, har gobe. Amma maleriya ba bairos ba ce, kuma sauro ba ita kaɗai yake ɗauke da ita ba.

Wanda ya fara jin sunan Zika a rediyo a 2016 zai ɗauka cutar Barazil ce. Tamu ce. A 1947 aka fara samunta a jikin wani biri da masu binciken zazzaɓin shawara suka ajiye a dajin Zika, kusa da Entebe, a shekara mai bi kuma aka same ta a jikin sauron dajin. A 1954 wani likitan Birtaniya, F. N. MacNamara, ya ba da rahoton mutum uku da ya ce sun kamu da ita a gabashin Nijeriya, ko da yake daga baya masana sun nuna cewa wadda ya samu wata 'yar uwarta ce mai suna Spondweni. Abin da babu jayayya a kansa shi ne aikin Jami'ar Ibadan. Masu bincike a can sun ciro ƙwayar daga jinin masu zazzaɓi, kuma a 1979 A. H. Fagbami ya wallafa cewa kimanin mutum 40 cikin 100 na waɗanda ya gwada suna da alamar sun taɓa haɗuwa da ita. A 2017 masana daga Jami'ar Harbad da abokan aikinsu na Jos da Dakar suka duba jinin da aka adana tsakanin 1992 da 2016, suka ga ba ta taɓa daina zagayawa a Afirka ta Yamma ba.

Ta daɗe tare da mu ba tare da ta yi suna ba saboda ba ta da hayaniya. Cikin mutum biyar da suka kamu, kusan huɗu ba za su ji komai ba. Na biyar zai yi zazzaɓi mara tsanani, idonsa ya yi ja, ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi su fito, gaɓoɓin hannu da ƙafa su yi ciwo, kafin mako ya zagayo ya miƙe ya ɗauki fartanyarsa.

Sai da ta bar nahiyarmu ta faɗa cikin mutanen da ba su taɓa saninta ba aka ga iyakarta. A 2007 ta kama kusan kashi 73 cikin 100 na mazauna tsibirin Yap. A 2013 ta shiga tsibiran Folinesiya na Faransa, inda wani mutum a Tahiti ya je asibiti da jini a maniyyi, Didier Musso da abokan aikinsa suka ciro ƙwayar da ranta daga maniyyin, alhali ba a same ta a jininsa ba. A 2015 likitoci a Resife, arewa maso gabashin Barazil, suka fara ganin jarirai masu tsukakken kai, ƙwaƙwalwarsu ba ta cika ba, fiye da yadda suka taɓa gani. Kafin ƙarshen 2016 an tabbatar da irin waɗannan jarirai sama da 2,000 a ƙasar. Ranar 1 ga Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci. Washegari hukumomin lafiya a Dalas, jihar Teksas, suka sanar cewa wani da ya dawo daga Benezuwela ya sa wa abokin kwanciyarsa cutar. Sai a lokacin aka koma neman rahoton Foy.

Me ya sa ƙwayar ke samun mafaka a jikin namiji? Amsar tana cikin yadda Allah ya tsara maraina. Garkuwar jikin ɗan Adam tana koyon rarrabe nata da baƙo tun yana ciki da lokacin jarirantaka. Ƙwayoyin haihuwa na namiji kuwa ba sa fara samuwa sai ya balaga, bayan an daɗe da rufe wannan karatu. Da garkuwar jiki za ta gan su, baƙi za ta ɗauke su, ta far musu, mutum ya rasa haihuwa. Don haka aka yi musu katanga. A cikin 'ya'yan maraina akwai siraran bututu a nannaɗe, inda ake ƙera ƙwayoyin haihuwa, aikin da ke cin fiye da wata biyu. Bangon bututun yana da wasu ƙwayoyin halitta da ake kira da sunan Enrico Sertoli, masanin Italiya da ya bayyana su a 1865. Suna manne da juna gam, ba sa barin abin da ke cikin jini ya ratsa yadda ya ga dama. A kewayen wurin ma garkuwar jiki tana sassauta faɗa, domin kumburi a nan ɓarna yake yi.

Manomin Bakori ko Ƙafur da ya ware iri ya zuba a rumbu ya yaɓe bakinsa da laka ya san wannan. Yaɓen yana hana ɓera da kaza da hannun yara. Amma in ƙwaro ya riga ya shiga, yaɓen nan shi zai rufa masa asiri, domin mai rumbun ma ba ya leƙawa.

Haka Zika ke yi. A jini yawanci ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu. A maniyyi kuwa likitoci a Tuluz ta Faransa sun auna wani mutum makonni biyu bayan fara ciwonsa, suka sami yawanta ya ninka na jininsa kusan sau 100,000. Wani ɗan Italiya da ya dawo daga Haiti an ci gaba da ganin alamarta a maniyyinsa har kwana 188. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2018, wanda ya bi maza 184, ya sami mutum ɗaya da ya kai kwana 281.

A nan sai an yi hattara, domin waɗannan alƙaluma sun tsorata mutane fiye da kima. Na'urar gwaji tana gano ɓurɓushin ƙwayar ko da ta mutu. Da masu binciken nan na 2018 suka yi ƙoƙarin rayar da ita daga maniyyin, sun yi nasara ne kawai a samfuran da aka ɗauka cikin kwana 30 na farko. Mafi daɗewar da aka taɓa samunta da rai kwana 69 ne, a jikin wani mutum a Sifen. Mutumin nan an riga an yi masa aikin ɗaure jijiyar maniyyi, wanda ya nuna cewa ba 'ya'yan maraina kaɗai take fakewa ba, har da sauran gaɓoɓin da ke haɗa ruwan maniyyi. Cikin ma'auratan da aka bi labarinsu, mafi nisan tazara tsakanin ciwon miji da kamuwar mata bai wuce kwana 40 da 'yan kai ba. An kuma samu, a Faransa da Amurka, mazan da ba su taɓa jin ko ɗumin jiki ba amma suka sa wa matansu.

Tambayar da kowane namiji zai yi a zuciyarsa ita ce ko tana kashe haihuwa. A 2016 masana a Jami'ar Washinton da ke Sen Luwis suka sa wa ɓeraye ita, bayan mako uku marainansu suka motse zuwa kashi ɗaya cikin goma. Labarin ya zagaya duniya. Amma ɓerayen an raunana musu garkuwa da gangan. A tsibirin Gwadaluf an bi maza 15 da suka kamu, aka ga yawan ƙwayoyin haihuwarsu ya faɗi a wajen kwana 30, zuwa wata huɗu kuma ya koma daidai. Namijin yakan fita lafiya. Wanda ke cikin haɗari shi ne ɗan tayin da ke cikin matarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 5 zuwa 15 cikin 100 na jariran da uwayensu suka kamu da juna biyu suna zuwa da wata matsala, daga tsukakken kai zuwa lalurar gani da ji da sandarewar gaɓoɓi, ban da ɓari da haihuwar ɗa ba rai.

To, ina ruwan mutumin Funtuwa da Malumfashi da wannan?

Farko dai, sauron yana nan. Sunansa Aedes aegypti, baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, kuma halinsa ya saɓa wa na sauron maleriya ta ko'ina. Wancan da dare yake fita, a kududdufi da fadama yake ƙyanƙyasa. Wannan da rana yake cizo, da hantsi da kuma bayan la'asar, lokacin da gidan sauro yake a naɗe a saman gado. Ba ya son kwata. Ruwa mai tsabta yake nema: randa, tulu, durom, tankin siminti, kaskon kaji, tsohuwar taya a bakin garejin masu faci. Ɗaga faifan da ke kan randar da ta kwana biyar ba a wanke ba, ka haska tocila. Waɗannan 'yan tsutsotsin da ke rataye a saman ruwa, kai ƙasa, da zarar inuwarka ta faɗa musu su nutse suna wutsil-wutsil, su ne. A 2020 Noah Rose da abokan aikinsa na Jami'ar Firinston suka wallafa binciken da suka yi a wurare 27 na Afirka, suka gano cewa wannan sauro ya fi ƙwallafa rai a kan ɗan Adam a inda rani ke da tsawo da tsanani, da kuma inda mutane suka yi yawa. Dalili a fili yake. In ruwan sama ya ɗauke wata shida ko bakwai, babu inda zai sami ruwan ƙyanƙyasa sai wanda muka ajiye.

Mun kuma ga aikin dangin Zika. A 2019 Katsina na cikin jihohin da zazzaɓin shawara ya taɓa, har aka yi gangamin rigakafi a faɗin jihar. A ƙarshen 2023 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato, a shekarar da cutar ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso. Shawara da dengi da Zika 'yan gida ɗaya ne, kuma sauro iri ɗaya ke jigilarsu.

Na biyu, mutanenmu matafiya ne. Funtuwa mararraba ce tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar auduga, hanyar Zariya da ta Gusau da ta Birnin Gwari da ta Katsina duk a nan suka haɗu. Tireloli na lodin masara da waken suya a Dandume da Funtuwa su nufi kudu, na shanu su tashi daga Sheme, na tumatir daga Danja. Da an gama kaka samari da magidanta su tafi cin rani Legas da Ibadan da Fatakwal da Abuja, su yi dako, su yi acaba, su yi ga-ruwa, suna kwana a rumfunan kasuwa da kangaye inda ba a maganar gidan sauro. Ruwan farko na sauka su dawo shuka. Mutum ya yi wata biyar bai ga iyalinsa ba. Idan ya yi ɗan zazzaɓi mako biyu kafin ya hau mota, ya daɗe da mantawa.

Ko da ya tuna, sunan da aka ba ciwon guda ne. A kemis ko ƙaramin asibiti, zazzaɓi maleriya ne, in ya ƙi sauka a ce har da taifot. Ba na ganin laifin ma'aikacin lafiya da ke duba mutum sittin a wuni da abin gwajin maleriya kaɗai a hannunsa, kuma sau da yawa yana da gaskiya, domin Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya. Gwajin Zika sai manyan ɗakunan bincike irin na Gaduwa a Abuja. Amma akwai abin da ba ya buƙatar na'ura. Zazzaɓin da ya zo da jan ido ba tare da kwantsa ba, da ƙuraje masu ƙaiƙayi, da ciwon gaɓoɓi, gwajin maleriya kuma ya nuna babu, ya cancanci a yi wa mai shi tambaya ɗaya: Malam, akwai mai juna biyu a gidanka?

Mai karatu na da haƙƙin ya ce, idan cutar ta daɗe a nan haka, ina jariran masu tsukakken kai? Masana sun kawo dalilai da ke taimakon juna. Inda cuta ta zauna, yarinya kan kamu tun tana ƙarama, ta warke, ta sami kariya kafin ta isa aure. Binciken Cibiyar Fasto ta Faris ya nuna cewa sauron Afirka bai kai na Amurka ta Kudu da Asiya saurin ɗaukar ƙwayar ba. Sannan Zika reshe biyu ce, na Afirka da na Asiya, kuma na Asiya ne ya yi ɓarna a Barazil. A gwajin dabbobi reshen Afirka ya fi zafi, yakan kashe ɗan tayi tun da wuri, wato cikin ya zube kafin a kai ga haihuwar da za a ga nakasa. Wannan ya tsaya mini a rai. A ƙauyukanmu ɓarin wata biyu ko uku ba ya shiga littafin kowa, kuma jaririn da aka haifa a ɗaki a hannun ungozoma ba a auna kewayen kansa. Ga shi kuma reshen Asiya ya riga ya tako nahiyar. A 2015 da 2016 ya kama dubban mutane a tsibiran Kef Bad, an kuma same shi a Angola, kuma a ƙasashen biyu an haifi jarirai masu tsukakken kai. Indiya, inda masu hali a cikinmu ke zuwa neman magani, ta yi fama da shi a Jaifur a 2018, da Kerala da Kanfur a 2021.

Abin da ya sa na ba wannan batu babi guda shi ne wanda ake ɗora wa laifi. Mace ta yi ɓari, a ce ta ɗauki kaya mai nauyi, ko mahaifarta ba ta riƙe ciki, ko iska, ko sammun kishiya. Ta haifi ɗa mai nakasa, a fara tonon danginta. In ta yi ƙorafin ciwon mara a ce sanyi ne, ita za ta sha jiƙo, ita za ta yi ta zarya wurin mai magani. Mijin ba ya shiga lissafi, tun da ga shi nan garau yana huɗa. Ilimin da aka samu a kan Zika ya tabbatar da cewa namiji na iya zama lafiya lau a ido, jininsa tas a gwaji, alhali yana ɗauke da abin da zai taɓa ɗansa tun a ciki. Kuma bai aikata wani abin kunya ba. Sauro ne ya cije shi a wurin neman halak. Ina jaddada wannan domin a wurinmu duk cutar da aka ce tana bin kwanciya sai a jingina ta da alfasha, kuma wannan zargi shi ke rufe bakin mutane.

Jini a maniyyi ma haka. Namiji zai gani ya tsorata, ya yi shiru, ko ya tafi wurin masu tallar maganin maza a bayan mota ranar kasuwa. Yawancin lokaci ba Zika ba ce. A wannan yanki akwai abin da ya fi ta kusa, wato tsargiya. A shekarun 1970 masana daga makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, tare da Jami'ar Ahmadu Bello, sun yi shekaru suna binciken cututtukan da suka zauna a ƙasar Malumfashi, kuma tsargiya na cikin waɗanda suka fi rubutu a kai. Ƙwayayen tsutsar tsargiya ba mafitsara kaɗai suke zama ba, suna shiga gaɓoɓin maniyyi su jawo jini. Mai noman rani a bakin dam, da masunci, da wanda ya taso yana wanka a rafi, shi ya fi kusa da ita, kuma tana da magani mai araha. Sai dai ba a rarrabe wannan da wancan a tsaye a kasuwa.

Zika ba ta da allurar rigakafi da aka amince da ita, ba ta da magani na kanta. Abin da ake da shi shi ne lokaci. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jira wata shida. Da bincike ya nuna cewa ƙwayar mai rai ba ta kaiwa haka, sai ta rage: namijin da ya kamu, ko ya dawo daga inda cutar ke yaɗuwa, ya yi wata uku yana amfani da kororon roba ko ya ƙaurace wa kwanciya, mace wata biyu kafin ta nemi ciki. Idan kuwa matar tana da juna biyu, a ci gaba da kiyayewa har ta sauka. Zubar da maniyyi a waje ba kariya ba ce.

Wannan shawara ba Zika kaɗai ta shafa ba, kuma a nan ne ta fi matsowa kusa da mu. Zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke kawowa kuma yake tashi duk rani a jihohi da dama, yana fakewa a wuri ɗaya. Likitoci a asibitin Irruwa na jihar Edo sun bi waɗanda suka warke, suka sami alamar ƙwayar a maniyyin kimanin rabinsu bayan kusan wata uku, wasu ma har bayan wata shida. Ebola ta fi muni. A Maris na 2015 wata mata ta rasu a Monrobiya bayan ta kamu daga namijin da ya warke watanni da suka wuce, kuma a 2016 cutar ta sake tashi a Gini daga wani da aka sami ƙwayar a maniyyinsa fiye da kwana 500 bayan ciwonsa. Hangum da muka sani tun muna yara, in ya kama baligi, yakan sauka maraina ya kumbura su. Duk wanda aka sallama daga asibiti bayan Lassa ya kamata a zaunar da shi a gaya masa wannan a fili, a keɓe, da harshen da yake ji.

Na san wata uku ba wasa ba ne ga wanda ya dawo daga doguwar tafiya, kuma na san yadda kororon roba yake da nauyin ambato tsakanin ma'aurata. Magidanci zai ce, in na shigo da shi ɗaki me za ta ɗauka? Za ta ɗauki abin da ya fi muni ne idan ba a gaya mata dalili ba. Fiƙihun da muke bi ma ya riga ya rufe ƙofar yin abin a ɓoye, domin a mazhabar Malikiyya miji ba ya hana maniyyinsa isa ga matarsa sai da izininta. Dole a yi maganar. Ba ta da tsawo: Maman Sani, na yi wani zazzaɓi a can da jan ido, malamin asibiti ya ce irinsa kan taɓa ciki, ya ce mu kiyaye har ki sauka. Macen da ke tafiya awo a ƙafa, take haƙura da abincin da take so don abin da ke cikinta, ba ita ce za ta ƙi wannan ba.

Mai mata biyu ko uku lissafinsa ya fi yawa. Wataƙila uwargida ba ta da ciki, amarya na da na wata biyu, lokacin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke haɗuwa kuma haɗarin ya fi girma. Idan ya kiyaye a ɗakin amarya ya sake a ɗakin uwargida, uwargida na iya kamuwa, sauron randar tsakar gida ya cije ta, bayan kamar kwana goma ya ciji amarya. Don haka kiyayewar ta gidan ce gaba ɗaya. Rabon kwana ba ya tsayawa saboda wannan, tun da malamai sun bayyana cewa abin da aka wajabta daidaitawa shi ne kwanan. Al'adar goyon ciki, da ake mayar da mai cikin fari gidan iyayenta, takan zo ne a watannin ƙarshe, bayan lokacin da aka fi jin tsoro ya wuce. Mutanenmu sun karɓi gwaji kafin aure, har Kano ta mayar da shi doka a 2024, abin da shekaru ashirin baya ba a iya ambata a gaban waliyyi. Maganar zazzaɓin miji da cikin mata ba ta kai wannan nauyi ba.

Saura randa. Fiya-fiya da maganin sauro na kunnawa da dare ba sa samun wannan sauro yadda ya kamata, don lokacin aikinsa daban ne. Macensa ba ta zuba ƙwai a kan ruwa, tana manna su ne ɗaya-ɗaya a jikin randa daga ciki, dab da inda ruwan ya tsaya, baƙaƙe ƙanana da ido ba ya kula da su. Suna iya yin watanni a bushe ba su mutu ba, ranar da mai ga-ruwa ya juye jarka ruwa ya rufe su sai su ƙyanƙyashe, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma su tashi. Zubar da tsohon ruwa kaɗai ba ya kawar da su. Sai an sa soso an goge cikin randar da durom ɗin sau ɗaya a mako, a rufe bakinsu da murfin da ya zauna daidai ko a ɗaure da ƙyalle, a kife kwanonin da ba a amfani da su, tayoyin da ke jibge a bayan gida kuma a huda su ko a cika su da ƙasa.